Koton roba mai ƙamshi: wanne zai jure zafin Kano, wanne ne bai kamata ya kwana kusa da yara ba?

Duk wanda ya saba fita da fatsa daga cikin birni zuwa Tiga, ko Bagauda, ko gadar Wudil, ya san rabin wahalar tafiyar neman koto ne. Da rani tana ba ta samuwa sai an yi haƙa a gindin famfo ko bakin lambu, hanjin kaza kuwa kafin mota ta wuce Kura ya fara ɗoyi. Shi ya sa koton roba ya fara shiga jakar masu kamun kifi don sha'awa, wasu su yi odarsa ta intanet, wasu a kawo musu tsaraba daga waje. Ana yin sa da siffar ƙaramin kifi, ko tana, ko jatan lande, sannan a sa masa abin da ke ba da ƙarni ko ƙamshi domin kifi ya kama ya riƙe. Tambayar da aka fi yi ita ce wanne ya fi kamu. A ganina mutumin Kano da wata tambayar ya kamata ya fara: a ina zan ajiye shi, kuma su wa ke shiga wurin? Koton nan awa huɗu ko biyar zai yi a ruwa, amma wata da watanni zai yi a gidanka, ƙarƙashin rufin kwano, tare da yara da awaki da ɓeraye.

A ido duk roba ce mai laushi, amma iri uku ne, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko, wanda ya fi yawa kuma ya fi araha, da PVC ake yin sa, wato dangin bututun ruwa ne, sai dai an cuɗe shi da mai mai tausasa roba har ya koma luguf-luguf. Cikinsa ake zuba gishiri da ƙamshin tafarnuwa ko man yansun, wani tsiro mai ƙamshi, ko man kifi. Na biyu da wata roba ake yin sa mai suna TPE, wadda ke miƙewa sosai ba ta tsinke ba, kuma tana iyo a saman ruwa. Kamfanin Z-Man na Amurka shi ya fi shahara da ita. Na uku shi ne jiƙaƙƙe, irin Gulp! na kamfanin Berkley, wanda ke zuwa a leda ko robar da ke ɗauke da ruwansa, domin jikinsa tsotsar ruwan ƙarnin yake yi, ya riƙa sakinsa a hankali idan an jefa shi. Bayan waɗannan akwai ƙamshin da ake sayarwa shi kaɗai, a kwalba ko a gwangwanin feshi ko mai kauri na shafawa, a sa wa koton da ba shi da ƙamshi.

Kafin a zo maganar ajiya, a fara sanin kifin da ake nema, don nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi a banza. Kifi ba ya jin ƙamshi yadda mutum ke ji a iska. Abin da ya narke a ruwa shi yake isa hancinsa da bakinsa. Mai ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ƙamshin da aka haɗa da mai, komai ƙarfinsa a hancinka, amfaninsa bai wuce ya rufe warin hannu da na fetur, ya kuma sa kifi ya ɗan daɗe bai tofar ba. Jiƙaƙƙen koto shi ne ke sakin abin da ke bin ruwa da gaske. Tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da gashin baki da ɗanɗano suke farauta, musamman da dare ko a ruwa mai laka, don haka su ne jiƙaƙƙe ke yi wa amfani. Giwan ruwa da tsage kuwa ido da motsi suke bi: ƙyalli da yadda wutsiyar koton ke kaɗawa sun fi musu ƙarni. Wanda giwan ruwa yake nema bai da dalilin ɗaukar ɗawainiyar jiƙaƙƙen koto.

To ga yanayin garinmu. A watan Afrilu zafin rana a Kano yana kai maki 40, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yana haura maki 60. Akwatin bayan babur, da but ɗin mota, da saman silin, da shagon kwano, duk wuraren da aka fi jefa kayan fatsa ne, kuma duk su ne wuraren da ke kashe koto.

Na PVC ya fi sauran haƙuri da zafi, amma ba ya fita lafiya ƙalau. Man da ke cikinsa yana tsattsafowa, ledar ta yi maiƙo, wutsiyoyi su lanƙwashe su zauna a haka. Wannan yana da gyara: a tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, a shimfiɗa shi a miƙe ya huce, amma a tsohon gwangwanin da ba za a ƙara sa abinci a ciki ba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne rini. Idan aka haɗa ja da fari a leda ɗaya, cikin 'yan kwanaki farin ya tashi daga fari. Haka kuma man nan yana cin roba mai tauri. Akwatin roba mai garau da ke fashewa idan ya faɗi, wanda ake sa wa lamba 6 a ƙasansa, koton PVC zai narka shi ya manne a jikinsa. Akwatin da ya dace shi ne wanda ke da lamba 5 ko haruffan PP a gindinsa. Ka juya akwatin ka duba kafin ka biya. Gishirin da ke cikin koton kuma abokin gabar ƙugiya ne. Da damina, musamman a watan Agusta da iska ke da laima, koton da aka bari a jikin ƙugiya zai bar ta da tsatsa, ranar da babban kifi ya kama sai ta karye.

Na TPE shi ne wanda nake yabawa ta fuskar abin da aka yi shi da shi. Kamfanin da ke yin sa ya ce babu PVC a ciki, babu kuma sinadaran fitalet masu tausasa roba. Yana da ƙwari ƙwarai, guda ɗaya zai kama kifi da yawa kafin ya yage, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman tsage, wanda haƙoransa ke datse na PVC a cizo ɗaya. Aibinsa biyu ne, kuma duka a ajiya suke. Ba ya son zafi ko kaɗan: a bar shi wuni ɗaya a motar da ke rana, za a iya tarar da shi ya saki jiki ya manne da juna. Sannan ba ya zama da na PVC. Idan suka haɗu a akwati ɗaya, sinadaransu suna cin juna, duka biyun su narke su zama cakwali, akwatin ma ya tafi. Dokarsa ɗaya ce: daga ledarsa zuwa ƙugiya, daga ƙugiya ya koma ledarsa. Mutumin da ya san kansa da juye komai cikin jaka ɗaya idan magariba ta yi yana sauri, wannan ba koton sa ba ne.

Jiƙaƙƙe kuwa hunturu ne ajalinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Kano ba ta da laima, kuma abin da ke riƙe da wannan koto ruwa ne. Idan aka bar shi a jikin ƙugiya aka tafi salla da cin abinci, za a dawo a tarar ya fara tsukewa. Idan ya kwana, ya ƙandare ya riƙe ƙugiyar gam, sai an sa wuƙa, kuma a wajen yankan nan ake samun rauni a yatsa. Ledar da bakinta bai rufu sosai ba, ko yashi ya shiga zik ɗinta, haka za ta bushe gaba ɗaya a aljihun jaka ba ka sani ba. Da bazara kuma wata matsalar ce: murfin robarsa yana yoyo idan ta kwanta ko ta sha zafi, ruwan ya zuba a jaka ko a kujerar mota, kuma ƙarninsa ba ya fita da wanki ɗaya. Wanda zai wuce masallaci daga bakin ruwa ya san abin da nake nufi. Ƙarnin nan ne kuma ke kiran ɓera da kyanwa da kyankyaso da cinnaka. Ɓera zai huda ledar da dare, abin da bai ci ba iska ta ƙarasa shi. Kamfanin Berkley yana cewa koton ya ninka na roba sau 400 wajen watsa ƙarni a ruwa. Ko da an rage wani abu daga zancen talla, a kan tarwaɗa yana aiki. Sai dai duk cikin ukun shi ya fi neman kulawa, kuma shi ya fi jawo hankalin duk wani mai baki a gida.

Nan ne inda abin ya fi damuna. Koton roba launinsa ja ne, ko ruwan hoda, ko kore mai walƙiya, ga laushi, wani ma da ƙamshi mai daɗi, ya yi kama sak da alawar roba da ake sayar wa yara a shago. Yaro mai rarrafe ko ɗan shekara uku ba shi da hanyar bambance su. Haɗari na farko shaƙewa ne, kuma wannan bai bar ko ɗaya daga cikin ukun ba, har da wanda aka rubuta wa cewa ba shi da guba. Rubutun nan ba ya nufin abinci ne. Na biyu sinadarai ne. Tarayyar Turai ta taƙaita wasu sinadaran fitalet a kayan wasan yara zuwa abin da bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, Amurka ma ta yi irin wannan doka a 2008, saboda yara suna tauna kayan wasa kuma sinadaran suna taɓa tsarin haihuwa da girman jiki. Koton kifi ba kayan wasan yara ba ne, don haka wannan doka ba ta hau kansa ba. Wasu kamfanoni sun daina amfani da waɗannan sinadarai kuma suna rubutawa a leda. Wanda aka ƙulla a farar leda ba suna ba rubutu, ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikinsa. Babba da ke taɓawa ya wanke hannu kafin ya ci abinci ba shi da babbar fargaba. Yaro da ke tsotsa shi ne abin ji.

Abin da ya fi robar haɗari shi ne abin da ake haɗa ta da shi. Yawancin koton roba ana soka shi ne a ƙugiya mai kan dalma domin ya nitse, wasu ma da dalmar a cikin cikinsu ake yin su. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba: a 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Idan aka bar ƙugiya mai dalma cikin koto mai ƙamshi, an haɗa abu mai jan yaro da abu mai tsini da abu mai guba a dunƙule ɗaya. Saboda haka ƙugiya da dalma akwatinsu daban, koto ledarsa daban, kuma a daina matse ƙwayar dalma da haƙori. Filaya ƙarama ta isa. Da filayar nan ma ana iya danne kunnen ƙugiya, yadda idan ta shiga yatsa za ta fita ba tare da yaga nama ba.

Ƙamshin kwalba fa? Amfaninsa shi ne ka sayi koto marar ƙamshi, wanda ba shi da ƙarnin da zai ja ɓera ko yaro, sai a bakin ruwa ka shafa masa. Wannan tsari ne mai kyau, muddin an riƙe kwalbar yadda ake riƙe magani. Kuskuren da ake yi da kananzir da fiya-fiya shi ake yi da shi: a juye a robar lemo ko ta ruwa don sauƙin ɗauka, yaro ya gani ya kurɓa. Ya zauna a mazubinsa na asali, da rubutunsa. Mai kauri na shafawa ya fi na ruwa aminci, domin ba ya zuba kuma ba a kurɓarsa. Na gwangwanin feshi shi ne ban ga dalilin sayensa a Kano ba, tunda irin waɗannan gwangwanaye ba a son su wuce maki 50, motarka kuwa tana wuce haka da azahar. Wanda jikinsa ba ya son jatan lande ko ƙaguwa ya duba rubutun da kyau, don da su ake haɗa da yawa daga cikin ƙamshin nan. Akwai kuma wani tsohon nau'in koto na Amurka da ake yankawa daga fatar alade a jiƙa a ruwan gishiri cikin kwalba. Mai yin oda ta intanet ya karanta bayanin kaya kafin ya tura kuɗi, kada siffar kwaɗo ko kifi ta ruɗe shi.

Idan tsautsayi ya faɗa, yaro ya haɗiye koto, ko dalma, ko ya kurɓi ruwan, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara. Abu mai mai idan ya dawo da amai yana iya faɗawa huhu, ƙugiya kuwa tana iya kamawa a hanyar dawowa. Idan zare yana leƙowa daga baki, ba a ja. A ɗauke shi da ledar ko kwalbar a hannu zuwa asibiti, Murtala ko Hasiya Bayero ko Malam Aminu Kano ko duk wanda ya fi kusa, domin likita ya ga abin da aka haɗiya, a ɗauki hoto idan akwai ƙarfe. Ƙugiyar da ta shige har kunnenta, ko ta kama kusa da ido, ita ma aikin asibiti ce, a kuma tambayi maganar allurar tetanus. Akuya ko tunkiya kuwa, wadda ko leda ba ta bari, balle mai gishiri, sai likitan dabbobi.

Wurin ajiya a gidan Kano ba sai firji ba, tunda wutar ba ta tsayawa, kuma ba na goyon bayan a sa koto inda ake sa abinci da ruwan sanyin yara. Ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya fi komai: ɓera ba ya huda shi, yaro ba ya buɗe shi. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, ɗakin ƙasa idan akwai, ba jikin bangon da rana ke duka da yamma ba, ba kuma kusa da jarkar fetur ko janareta ba, domin roba tana ɗaukar warin fetur kuma kifi yana gudunsa. Man shafawa na sauro mai sinadarin DEET shi ma yana narka roba, kada ya zauna a aljihu ɗaya da koto. Ga wanda ya dage sai jiƙaƙƙe, akwai dabarar da aka san ta da Malam Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Da rani, lokacin da iska ke bushe, tana rage zafi sosai. Ledar koto a rufe, cikin wata kwalba mai murfi, za ta zauna a ciki lafiya, amma tukunyar ta zama tata ce ita kaɗai, a inda yara ba sa kaiwa, kuma ban da ƙugiya saboda tsatsa.

Ruwan da muke kamun kifin ma yana da haƙƙi. Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da Challawa da aka gama a 1992, ruwan sha ne da noman rani da abincin masunta da yawa. Binciken da aka yi a Amurka da Kanada ya nuna cewa koton PVC da ya ɓace a ruwa kumbura yake yi maimakon ruɓewa, ana kuma samun sa a cikin kifi ya zauna ya hana shi cin abinci. Ta wannan fuskar na TPE ya fi, tunda ba ya saurin yagewa kuma idan ya fita daga ƙugiya yana tasowa a tsince shi. Wanda ya lalace a dawo da shi gida a leda. Kada a jefa shi a murhu ko a wutar bola, domin hayaƙin PVC yana da guba mai ƙona maƙogwaro da huhu. Masu narka tsofaffi su sake zubawa su sani cewa sai zafin ya kai wajen maki 175 robar ke narkewa, idan ta ɗiga a fata mannewa take yi. Ba aikin kicin ba ne, ba kuma na tukunyar uwargida ba.

To wanne za a saya? Magidanci mai ƙananan yara, wanda ba shi da akwati mai kulle, kada ya kawo jiƙaƙƙe ko ƙamshin ruwa gida tukuna. Ya fara sayen akwatin. Mai neman giwan ruwa ko tsage, wanda zai iya bin dokar leda da inuwa, TPE ya fi masa, ko da ya fi tsada a farko. Wanda kayansa ke yini a bayan babur, na PVC mai suna da rubutu shi ne kaɗai zai jure masa, kowane launi a ledarsa. Jiƙaƙƙe na mai neman tarwaɗa ne, kuma ƙaramar leda da zai ƙarar cikin fita biyu ko uku, ba babbar roba ba. Idan da damina ne tana na nan ko'ina, ga shinge idan ya fito, ban ga abin da zai sa ya kashe kuɗinsa a kai ba.

Ranar da kayan suka iso hannunka, ka buɗe a gaban wanda ya kawo. Sun riga sun sha zafin kwantena da na mota daga Legas kafin su zo Kano. Idan ledar ta cika da mai, ko koton ya manne da juna, ko jiƙaƙƙen ya yi tauri ruwansa ya ƙafe, ka mayar.